Hutun Ƙarshen Mako A Landan: Bin Sawun Dinari Da Anini

Wannan watan za mu ɗan leƙa birnin Landan ne, domin a yanzu ba abin mamaki ba ne a ji 'yar uwa ta tafi can, ko dai ganin likita, ko bikin kammala karatun ɗa, ko rakiyar maigida wajen kwas, ko kuma kula da 'yarta da ta haihu. To amma idan Asabar da Lahadi suka zagayo, akasarinmu hanya ɗaya muka sani: titin Oxford, sai shagunan leshi na wajen Liverpool Street, sai Shepherd's Bush. A dawo gida da akwatuna cike, aljihu kuwa fayau, in an tambayi yara me suka gani a Ingila sai su ce kantuna.

Ba a hana ki tsaraba ba. Sai dai akwai wani yawo na kwana biyu da ba zai ci miki kuɗi sosai ba, wanda kuma ya shafe ki kai tsaye: yawon ganin tsofaffin sulalla. Ki gwada tambayar ɗanki ɗan shekara goma mene ne anini, ko taro, ko sisi. Yana jin ki kullum kina cewa ba ki da ko sisi, amma bai taɓa riƙe shi ba. Ke kanki ranar ɗaurin aurenki an ambaci sadaki, kin kuma sha jin malamai na cewa mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, to kin taɓa ganin dinarin da idonki? Landan na ɗaya daga cikin 'yan garuruwan da za ki ga dinarin, ki ga wurin da aka buga aninin, duk a cikin mako guda.

Safiyar Asabar a Portobello

Ki fara da kasuwar titin Portobello, domin ranar Asabar ce take ci sosai, kuma masu kayan da sun fi zama a natse da safe. Jirgin ƙarƙashin ƙasa za ki shiga ki sauka a tashar Notting Hill Gate, daga nan ki bi ayarin mutane kawai. Ki yi ƙoƙari ki isa wajen ƙarfe tara, don in rana ta ɗaga cunkoson sai ya tuna miki da Kantin Kwari ana gobe Sallah. Jakarki ta kasance a gabanki, 'yan sane ba su da ƙasa.

A cikin rumfunan za ki tarar da masu tire-tire na tsofaffin kuɗin ƙasashe daban-daban, wasu an zube su a kwano ana sayarwa da araha. Abin da za ki tambaya shi ne kuɗin British West Africa, wato na Afirka ta Yamma zamanin Turawa. Da kin ga mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, to kin samu. Ki juya shi da kyau, za ki ga an rubuta darajarsa da haruffan Larabci, saboda Turawan sun san mutanen Arewa da Larabci da ajami suke karatu. An fara buga irinsu a 1907, kuma aninin farko da sanholo aka yi shi, wato alminiyam, sai aka ga ba ya jure yanayinmu, shekara na zagayowa aka sauya ƙarfen. Hudar nan kuwa don a riƙa zura su a igiya ne kamar yadda aka saba yi da wuri.

Ga lissafin, don ki samu abin gaya wa yara: anini 10 ne kwabo ɗaya, ɗari shi ne rabin kwabo, taro kwabo 3, sisi kwabo 6, sule kwabo 12, sule 2 dala ko fataka, sule 20 kuma fam guda. Da aka kawo naira ranar 1 ga Janairun 1973, sai fam ɗaya ya koma naira 2, shi ya sa har gobe in Bahaushe ya ce jaka guda, naira 200 yake nufi, domin asalinta jakar fam 100 ce.

Akwai kwabon da ya kamata ki nema musamman, na shekarar 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan shi ne sarkin da ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu, ya sauka a watan Disamba na shekarar, don ya auri wata bazawara Ba'amurkiya mai suna Wallis Simpson wadda fada da coci suka ƙi amincewa da ita. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa a kasuwa ba, amma a ƙasashenmu an kashe su, an sayi ƙosai da su. An buga su da yawa, don haka ba su da tsada, kada wani ya tsuga miki kuɗi da sunan wai ba a samun su.

Haka nan za ki iya cin karo da wata babbar azurfa mai hoton wata mace mai jiki, an rubuta 1780 a jikinta. Ita ce dalar Mariya Tarisa, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ƙasar Hausa da Barno ta hamada, maƙeran farfaru kuma suna narkar da ita su yi wa iyayenmu mundaye da zobba. Daga sunanta kalmar dala ta samo asali, kuma a Nijar har yanzu dala ake ce wa sefa 5. Nauyinta giram 28 ne. To a nan sai ki yi hattara: a 1780 sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga dalar fiye da shekara 200 ba tare da an sauya shekarar ba, har a nan Landan ma an buga ta. Saboda haka wadda ke hannun mai rumfa ta yiwu ba ta girmi mahaifiyarki ba. Ki saye ta a kan farashin azurfarta da ɗan abin da ba a rasa ba. Duk abin da aka ce miki na zamanin Rumawa ne ko na Sahabbai, ana sayarwa a kan tebur a farashin kwanon abinci, ki yi murmushi ki wuce.

Ɗaki na 68

Daga Notting Hill Gate jirgi ɗaya ne zai kai ki Tottenham Court Road ko Holborn, sai 'yar tafiya a ƙafa zuwa babban gidan tarihi na Birtaniya, wanda suke kira British Museum. An kafa shi a 1753, ana buɗe shi kullum daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, ranar Juma'a kuma har 8:30 na dare. Shiga kyauta ne, amma gara ki sa a yanka muku tikitin lokaci ta intanet tun kafin ranar, don ki rage tsayuwa a layi da yara cikin sanyi.

Kada ki ce za ki zagaye shi duka, ko mako guda ba zai ishe ki ba. Kuma da yake akwai ɓangarorin gumakan Girkawa da ba su da sutura, ya fi kyau ki karɓi taswira a bakin ƙofa ki san hanyarki. Ki hau bene ki nemi ɗaki na 68, nan ne ɗakin tarihin kuɗi. Za ki fara da 'yan dunƙule-dunƙulen zinariya gauraye da azurfa na ƙasar Lidiya, a yammacin Turkiyya ta yau, masu tambarin kan zaki, waɗanda suka haura shekara 2,500, sai kuɗin mutanen Sin na da masu siffar wuƙa da shebur. Za ki ga wuri ma. Ki tuna wa yara cewa kalmar kuɗi jam'in wuri ce, kuma wurin nan daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya ake kwaso shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa.

Inda za ki daɗe a tsaye shi ne gaban dinari. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Larabawa ba su da kuɗin kansu. Dinarin Rumawa da dirhamin Farisa suke kashewa, masu hotunan sarakunansu. An ambaci dinari a Suratu Ali Imrana, an kuma ambaci dirhamomi a Suratu Yusuf wajen kuɗin da aka sayar da shi. Sai a shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik bin Marwan na daular Umayyawa ya buga dinarin da babu hoton kowa a jikinsa, sai rubutu zalla: kalmar tauhidi da wani yanki na Suratul Ikhlas. Wannan tsarin ne daulolin Musulunci suka bi shekaru aru-aru.

Abin da zai fara ba ki mamaki shi ne ƙanƙantarsa. Faɗinsa bai wuce na maɓallin riga ba, nauyinsa giram 4.25. Ki raba shi huɗu a ranki, giram ɗaya da ɗan ɗoriya ke nan, shi ne rubu'in dinarin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suka ce sadaki ba ya gaza shi, ko kuma dirhami 3 na azurfa. Ki tara guda 20, giram 85 ke nan, nisabin zakkar zinariya. Dirhami 200 kuwa, kimanin giram 595, shi ne nisabin azurfa. Ya zo a cikin Sahihu Muslim daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa sadakin matan Annabi dirhami 500 ne, wato kusan kilo ɗaya da rabi na azurfa. Ke nan rubu'in dinari ƙasan magana ne, ba a ce nan kowa zai tsaya ba. 'Yarki budurwa da ta tsaya gaban gilashin nan minti biyar za ta fahimci babin sadaki da na zakka fiye da yadda ta haddace su a Islamiyya. Ki kuma gaya mata cewa dinare da yawa na daulolin Magrib da Andalus da zinariyar Afirka ta Yamma aka buga su, wadda raƙuma suka riƙa tsallaka hamada da ita zuwa Sijilmasa a Maroko.

Sai kuma dinarin Offa, wanda shi kaɗai ne irinsa da aka sani a duniya. Offa sarkin Marsiya ne, a tsakiyar Ingila, ya yi mulki daga 757 zuwa 796. Maƙeransa sun ɗauki dinarin Halifa Mansur na Abbasiyawa, wanda ya gina Bagadaza, na shekara ta 157 bayan Hijira, suka kwaikwaye shi tsaf har da kalmar shahada, sannan suka cusa sunan sarkinsu da haruffan boko a tsakanin layukan Larabcin. Za ki ji wasu na cewa wannan shaida ce Offa ya musulunta. Ni dai ina ganin kada mu ɗora wa yara abin da ba shi da tushe. Sunan nasa a kife yake idan aka daidaita Larabcin, kuma akwai kurakurai a rubutun, alamar wanda ya zana shi bai san me yake kwafa ba. Gaskiyar maganar ma ta fi daɗi: a wancan zamani dinarin Musulmi ne kuɗin da duniya ta yarda da shi, har sarkin Turawa ya ga in yana son a karɓi zinariyarsa sai ya yi mata kama da shi. Wani lokaci sukan ɗauke kaya zuwa wani baje koli, don haka in ba ki gan shi ba ki tambayi ma'aikatan ɗakin.

In da sauran ƙarfi a ƙafarki, ɗakuna na 42 da 43 na tarihin duniyar Musulunci, waɗanda aka buɗe a 2018, suna nan a benen. Yara kuwa ba za su bar ki ba sai kun leƙa gawawwakin Misirawan da. A ƙasa, ɓangaren Afirka, akwai kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda Nijeriya ta daɗe tana neman a mayar mata. Kyauta ake kallonsu, amma kallon da ɗaci.

Maganar sallah kuma ki tsara ta tun daga gida. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, sai ki ga Azahar da La'asar da Magariba sun zo a jere, a watan Yuni kuwa sai bayan 9 na dare. Babban masallacin Regent's Park mai ƙubba ruwan zinariya, wanda aka kammala a 1977, ba shi da nisa daga tashar Baker Street, kuma akwai wurin mata. Daga nan titin Edgware kusa ne, inda gidajen abincin Larabawa na halal suke a jere.

Lahadi a bakin kogi

Ranar Lahadi ki bar yara su sha iska. Ku je Westminster su ga agogon Big Ben da majalisar dokoki, sannan ku shiga jirgin ruwa ku bi kogin Tems zuwa Hasumiyar Landan, kusa da gadar nan mai buɗewa biyu da aka gama a 1894. A nan kam sai kin biya, kuma kuɗin shigar da ɗan nauyi, musamman in kuna da yawa. Jama'a na zuwa ne don ganin kambunan sarauta, amma ki ratsa ta wani lungu da ake kira Mint Street a cikin ganuwar. Fiye da shekara 500 a nan ake buga kuɗin Ingila, tun wajen 1279.

Ki ba yaro sulen Ingila na kwabo 10 ya shafa gefensa, ki tambaye shi dalilin zanen tsaga-tsagar da ke jiki. A da, lokacin da kuɗin azurfa ne, mutane kan ɗan yanke gefen kowane sule su tara ɓarɓashin su narkar, har kuɗin ƙasar ya lalace. Shi ne aka fara yi wa gefen zane don a gane wanda aka taɓa. A 1696 aka naɗa Isaac Newton, masanin nan da yara ke karanta dokokinsa a darasin kimiyya, ya zama mai kula da maƙerar, ya kuma shiga farautar masu buga jabu da kansa. Wani gwaninsu mai suna William Chaloner a hannunsa ya ƙare, aka rataye shi a 1699.

A farkon ƙarni na 19 aka fitar da maƙerar daga ganuwar zuwa wani gini da ke tsallaken titi a Tower Hill, daga 1968 kuma aka fara mayar da aikin yankin Wales. A wancan ginin na tsallaken titi aka buga da yawa daga cikin aninai da kwabban da kakanninmu suka ɗaure a bakin zane. Wanda kika ga ƙaramin harafin H ko KN a jikinsa, shi kuma a Birmingham aka yi shi. Daga nan Whitechapel ba nisa, inda masallacin Gabashin Landan yake, da cibiyar Maryam ta mata da aka buɗe a 2013, ga kuma abincin mutanen Bangladash mai sauƙin kuɗi.

Gidan tarihin Babban Bankin Ingila, inda ake barin mutum ya zura hannu ya ɗaga sandar zinariya mai nauyin kilo 13, kada ki sa shi cikin lissafin ƙarshen mako, domin ranakun aiki aka san shi da buɗewa.

Canjin da ke jakarki

Abin dariya, garin da ya tara sulallan duniya motocin bas ɗinsa sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster ko na banki. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biya in suna tare da babba. Idan kina da ragowar fam ɗaya mai da'ira daga wata tsohuwar tafiya, kanti ba zai karɓa ba, an daina kashe shi a watan Oktoban 2017, an maye gurbinsa da mai kusurwa 12.

Duk da haka ki riƙa sayen 'yan ƙananan abubuwa da takardar kuɗi don a ba ki canji, ki miƙa wa yara su duba. Sulallan da aka fara bugawa a 2008, daga kwabo 1 zuwa 50, kowanne na ɗauke da wani yanki na garkuwar masarauta, in aka jera shidan daidai sai garkuwar ta fito. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe miki su a masauki ba tare da waya ba. Su kuma nemi masu hoton Sarki Charles da suka fara fitowa a Disamban 2022, da kwabo 50 na 2009 mai hoton hasumiyar lambun Kew, wanda guda 210,000 kawai aka buga, masu tarawa na sayensa da ninkin-ba-ninkin darajarsa.

Idan kuma zinariya ko azurfa za ki saya, ki je shago mai rajista, ki karɓi rasit, kuma a yi cinikin hannu da hannu, domin shari'a ba ta yarda da jinkiri a musayar zinariya da azurfa ba. Abin da kika ajiye daga cikinsu yana shiga lissafin zakka gwargwadon nauyinsa, sai ki tuntuɓi malami. Tsohon kuɗin da aka tono a cikin ƙasar Ingila kuwa sai da takardar izini ake fita da shi, ki tambayi mai shagon kafin ki biya. Wanda ke ɗauke da sunan Allah ko aya, ki adana shi wuri mai tsarki.

Sannan ga gargaɗin da na san zai yi wa uwargida wuya: kada ki wanke su. Mun saba duk ƙarfen da ya yi duhu sai ya sha toka da lemon tsami, to tsohon sule in aka goge shi ya yi ƙyalli darajarsa ta zube, domin masu saye wannan duhun tsufan suke nema. Ki riƙe shi ta gefe, ki sa kowanne a 'yar ambulan ta takarda, yaro ya rubuta ƙasa da shekara da inda aka samo shi, a ajiye nesa da danshi da kuma hannun mai rarrafe, don kada ya kai baki. 'Yan canji a gida ba sa karɓar sulalla, saboda haka duk abin da ya rage a jakarki ranar dawowa na yaran ne. In kun iso, ki sa su kai wa kakarsu aninin ta faɗa musu abin da yake saye a zamaninta, su rubuta a bayan ambulan ɗin. Ki kuma roƙe ta ta duba ƙasan tsohuwar adakarta, ta yiwu akwai kwabo 25 na 1973 mai hoton dalar gyada a kwance a ciki.